Tawada, Fensir da Farin Gurbi: Kundin Aikin Zanen Shaidun Yaƙi

15 ga Janairu, 2024

Yau muka tsayar da ƙa'idar da aikin nan zai bi. Mu uku ne: ni mai zane, abokiyar aikina da ke yin tambayoyi tana naɗar murya, sai tafinta. Mutanen da za mu zauna da su yaƙi ne ya raba su da gidajensu, kuma kusan dukkansu ba su fito da hoto ko ɗaya ba. Wanda ba a ƙwace wayarsa a shingen bincike ba, shi da kansa ya goge abin da ke ciki don kada a kama shi da shi. Da yawansu kuma ba za su yarda kyamara ta ɗauki fuskarsu ba, saboda suna da 'yan'uwa da suka rage a can.

Ga ƙa'idar. Abin da mai shaida ya ce ya gani da idonsa, da tawada zan zana shi. Abin da ya ji da kunne, ko wani ya ba shi labari, da fensir. Abin da bai gani ba bai kuma ji ba, zan bar takardar fara a wurin, ko da kuwa a tsakiyar zanen gurbin ya faɗo.

Duk mai wannan sana'a da Goya, mai zanen ƙasar Sifaniya, yake farawa. Tsakanin 1810 da 1820 ya sassaƙa zanuka 82 a kan farantan tagulla, na yaƙin da ya biyo bayan shigar sojojin Napoleon ƙasar Sifaniya a 1808, ba a kuma buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. A ƙarƙashin na 44 ya rubuta cewa shi ya ga wannan. Yana da bakin faɗin haka: a ƙasarsa aka yi yaƙin, ya kuma je Zaragoza a 1808 ya ga abin da igwa ta yi wa birnin. Ni ba na wurin da abin ya faru. Aron hannuna kawai aka yi, don haka dole mai kallo ya iya bambanta ganau da jiyau tun kafin ya karanta rubutun da ke ƙasan zane.

29 ga Janairu

Taswira ce ƙofar shiga. In ka ce wa mutum ya ba ka labarin ranar, yakan ba ka wanda ya riga ya ba jami'an rajista da ma'aikatan agaji har ya haddace, gajere, a jere, babu mutum a cikinsa. Amma in ka shimfiɗa takarda ka tambayi inda ƙofar gidansa ke kallo, sai ya gyara zama.

Wani dattijo da muka yi aiki da shi makon nan ya daɗe yana bin fensirina da ido, can ya ɗora yatsa a takardar ya ce, “Ɗana, matsar da bishiyar nan baya. Da a nan take, da ban hango su ba.” Na ce, “To Baba, ina zan kai ta?” Ya nuna. Da bishiyar ta koma wurinta sai ga layin da idonsa ya bi ya fito sarai, daga tagar ɗakinsa zuwa bakin hanya. Duk abin da ke cikin wannan layi tawada ce, abin da ke bayan katangar maƙwabcinsa kuwa ba zai yiwu ya gan shi ba, kuma shi ma bai ce ya gani ba. Taswirar ce ta raba mana, ba tare da an yi wa dattijo tambayar da za ta sa ya ji ana tuhumarsa ba.

Akwai haɗarin da ke hana ni sakin jiki. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka ɗan sauya yadda aka yi musu tambaya a kan gudun motocin. Bayan mako guda, wasu daga cikinsu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. In tambaya kaɗai ta iya dasa wa mutum abin da bai gani ba, ina ga zane da yake gabansa da fuska da inuwa? Shi ya sa ba na zana mutum ko makami sai an gama naɗar labarin gaba ɗaya. Ba na zuwa da gamammen zane daga gida. Kuma ba mu cewa “akwai mota a nan?”, sai dai “me ke nan wurin?”

10 ga Fabrairu

Na koma takarda mai kauri wadda ba ta da sinadarin da ke sa ta yi ja in ta tsufa, da baƙar tawadar da ruwa ba ya wankewa. Na daina amfani da magogi. In mai shaida ya gyara wani abu, sabuwar takarda nake ɗauka, tsohuwar a rubuta mata kwanan wata da lambar mai shaida a adana ta. Kowace takarda tana bi ta sikana ran da aka yi ta.

2 ga Maris

Zanen da ya fi kowanne wuya zuwa yanzu, kusan duk fari ne.

Matar da muka zauna da ita ta shafe abin daga farko har ƙarshe a ƙarƙashin gado, ta toshe bakin ƙaramin ɗanta da tafin hannu. Abin da ta gani bai wuce faɗin hannu biyu ba: ƙafar gadon, hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, da takalma masu igiya da suka shigo suka tsaya suka fita. Sauran duk kunne ne. Ta ji an kira sunan mijinta, ta ji ya amsa, ta ji an ja ƙofar waje, sannan ƙarar da ba sai na rubuta ba.

Hannuna ya san yadda ake zana tsakar gidan nan. Na san yadda jikin mutum ke tsayawa in an riƙe shi ta baya, na san inda inuwa za ta faɗi. Da na zana, da babu mai kallon da zai ce ƙarya ne, kuma zai fi ɗaukar ido. Amma ita ba ta ga tsakar gidan ba. In na zana shi na nuna mata, daga ranar abin da za ta riƙa gani a ranta game da mutuwar mijinta zanena ne, ni da ban taɓa ganin mutumin ba. Ba ni da hurumin ɗora mata wannan.

Mutum biyu suka taimake ni, ko in ce mutum ɗaya da wani aiki ɗaya. Vann Nath yana cikin 'yan tsirarun da suka fito da rai daga gidan yarin S-21 na gwamnatin Khmer Rouge a Kambodiya, inda aka tsare fiye da mutum 12,000. An bar shi da rai ne don yana zana hoton Pol Pot, jagoran gwamnatin. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1979 ya zana azabtarwar da aka yi a gidan, kuma da ya tsaya gaban kotu a watan Yunin 2009, a shari'ar Duch, shugaban gidan yarin, ya riƙa rarrabe wa alƙalai abin da ya gani da idonsa, da wanda ihunsa kawai ya jiyo, da wanda wasu fursunoni suka ba shi labari. Wannan rarrabewa ba ta rage wa shaidarsa nauyi ba, ita ce ma ta sa aka san da mai gaskiya ake magana. Na biyu kuwa aikin da Amnesty International da cibiyar bincike ta Forensic Architecture suka yi a 2016 kan gidan yarin Saydnaya na Siriya. Fursunonin can a cikin duhu aka riƙe su, an hana su magana, an hana su ɗaga ido su kalli masu gadi. Da aka zauna da biyar daga cikin waɗanda suka fito, a Istanbul, da sauti aka sake gina gidan a kwamfuta: takun ƙafa, ƙarar ƙofofi, ɗigar ruwa a bututu, yadda duka ke amsa amo a bango.

Abin da muka yi ke nan a ƙaramin mataki. Na zana gadon da ƙofar da takalman da tawada a ƙasan takarda. Sannan na ce, “Inna, ta ina muryar ta zo?” Ta nuna dama, nesa. Na rubuta kalmomin da ta ji da fensir a daidai inda ta nuna, ƙanana in daga nesa suke, manya in kusa. Ita ta ce a ƙara girman amsawar mijin, don ita ce ta fi fitowa a kunnenta. Tsakiyar takardar babu komai, kuma ta ce haka ne, haka abin yake a wurinta.

19 ga Maris

Batun fuska. Ba na zana fuskar mai shaida yadda take, haka nan tabo, gurguntaka, ko wata alama da maƙwabci zai gane. Fuskokin maharan ma ba na ƙirƙira musu. Inda aka ce fuskarsa a rufe take, a rufe zan zana ta. Inda aka ce ba a tuna ba, fari. Mai zane yana da saurin ba mugu mummunar fuska, kuma daga nan zuwa ba shi kamannin wata ƙabila taku ɗaya ne.

Wata mai shaida ta aiko cewa ta janye. Ba ta faɗi dalili ba, ba mu kuma tambaya ba. Mun mayar mata da takardunta duka, aka goge muryarta da abin da ya bi ta sikana. Zanukanta suna cikin mafi ƙarfi da muke da su, kuma na ji zafin rabuwa da su, amma tun ranar farko mun gaya wa kowa cewa yardarsa tana hannunsa har ranar da za a kai aiki ɗab'i. Kundin ƙa'idojin Murad, wanda aka fitar a watan Afrilun 2022 da sunan Nadia Murad, 'yar Iraƙi mai fafutukar kare waɗanda aka yi wa fyaɗe a yaƙi, don masu tattara shaidar fyaɗe a lokacin yaƙi aka tsara shi, amma abin da ya tsaya a kai ya shafi kowace irin shaida: mai labari ne ke da iko da labarinsa, kuma ba a sa mutum ya sake ratsa abin da ya same shi don kawai mai bincike yana bukata.

7 ga Afrilu

An sake kawo shawarar mu raba wa yara takarda da kala. Na san daga ina shawarar ta fito. A 2005 Annie Sparrow da Olivier Bercault na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun ba yaran Darfur kala a sansanonin da ke iyakar Chadi don su sami abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu su zana yaƙi, amma suka zana mahaya dawaki da raƙuma tare da jirage masu saukar ungulu da tankoki, a lokacin da gwamnatin Sudan ke musanta hannu a hare-haren. Mahaya ba su da jirgi, kowa ya san mai shi. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tattara zanuka kusan 500 a gabashin Chadi, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta karɓe su a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin da abin ya faru.

Duk da haka na ce a'a, abokiyar aikina ma haka. Ƙarfin zanukan 2005 shi ne ba a roƙe su ba. Yaro yana da saurin gane abin da babba ke so, in ya ga ana ɗaukar zanen jini ana barin na fure, gobe jini zai kawo. Ba mu kuma da likitan da zai zauna da yaro bayan mun tattara kayanmu mun tafi.

Manya dai na fara miƙa musu fensirin. A Hiroshima, hotuna biyar kacal Yoshito Matsushige ya iya ɗauka a cikin birnin ran 6 ga Agusta, 1945, ranar da aka jefa wa birnin bam ɗin nukiliya. A 1974 wani tsoho mai suna Iwakichi Kobayashi ya kai wa tashar talabijin ta NHK ta Japan zanen abin da ya gani a bakin wata gada, tashar ta yi kira, aka aiko da zanuka fiye da 2,000 daga mutanen da yawancinsu ba su taɓa koyon zane ba. Hannayen mutane a zanukan sun karkace, gadoji sun jirkice, amma ba wani gwanin da zai iya maye gurbinsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yawancin namu sukan ce ba su iya ba, sai in ce su nuna mini tsawon motar kawai. Wasu daga nan ba sa sakin fensirin. Duk layin da mai shaida ya ja da hannunsa ina barinsa yadda yake, in yi nawa a gefe.

28 ga Afrilu

Mun yi doguwar muhawara da mai tsara baje kolin zanukan. Ya ce fararen guraben za su sa mutane su zaci aikin bai ƙare ba. Ya kawo shawara biyu: ko in cike su da launi mai duhu, ko a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira rubutun shaidar ta fitar da hoto mai kama da na kyamara, tunda ba fuskar kowa ba ce.

Ta biyun ce ta tayar mini da hankali. Bara, a 2023, Amnesty ta wallafa irin waɗannan hotuna game da zanga-zangar Kolombiya ta 2021, da niyyar kare fuskokin masu zanga-zanga, kuma ta rubuta a jikinsu cewa na'ura ce ta yi su. Duk da haka suka ya yi yawa har ta cire su, don mutane sun ga cewa an ba masu musun abin da ya faru makami. Zane da hannu ba ya ɓoye cewa wani ne ya yi shi, kowa yana ganin layin ya san akwai mutum tsakaninsa da abin da ya faru, ya kuma san wanda zai tambaya. Hoton na'ura yana shigar burtu ne, yana cewa shi ganau ne, kuma ba ya barin gurbi ko ɗaya: sai ya sa wa kowa fuska, ya sa wa kowace riga maɓalli, alhali babu mai shaidar da ya faɗi haka.

Mun rabu a kan cewa za a kafa allo a bakin ƙofa mai bayanin tawada da fensir da fari. Bai gamsu sosai ba.

16 ga Mayu

Mutum biyu, hari ɗaya, labari biyu. Ɗaya ya ce motoci biyu ne suka shigo ta gabas, ɗayar ta ce uku ne, har da wata a buɗe. Ba mu haɗa su zama ɗaya ba, don in aka haɗa su mai ƙarfin murya zai rinjayi ɗayan, a tashi da labari guda wanda ba na kowa ba. Zanuka biyu na yi, kowanne da taswirarsa. Da na ɗora taswirorin a kan juna a jikin gilashin taga, sai ga shi daga inda namijin ya tsaya wani gini ya tare masa kusurwar da matar ta ce motar ta uku ta tsaya. Ban rubuta cewa wannan ne dalilin saɓanin ba. Za a rataye su gefe da gefe, mai kallo ya gani da kansa.

Lauyar da ke duba mana aiki ta ce kada mu yi wa kowa alkawarin kotu. Zanen da wani ya yi daga bakin wani ba ya tsayawa shi kaɗai, sai yana tare da murya, kwanan wata, da duk takardun da aka gyara. Ta yi murna da jin cewa ba ma gogewa. Ta kawo misalin David Olère, wanda aka tilasta wa aiki a ɗakunan ƙona gawa na Birkenau, sansanin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Sojojin SS na 'yan Nazi sun tarwatsa gine-ginen a Janairun 1945, shi kuma ya zana su daga ka a 1945 da 1946. Da aka gwada zanukansa da taswirar magina da aka samu a ma'ajiya, suka dace, har masanin gine-gine Robert Jan van Pelt ya kafa hujja da su a shari'ar da David Irving, marubucin da ke musun kisan kiyashin, ya sha kaye a Landan a shekarar 2000. Abin da ya tsayar da zanukan Olère a gaban masu musu shi ne ya sa ƙofa a inda ƙofa take.

5 ga Yuni

Gawa. Na daɗe ina kewaye wannan batu.

Otto Dix, mai zane Bajamushe, ya yi yaƙin duniya na farko a bayan bindiga mai sarrafa kanta, a 1924 ya fitar da zanuka 50 cike da ruɓaɓɓun gawarwaki da fuskokin da harsashi ya cinye. Käthe Kollwitz kuwa, ita ma mai zane Bajamushiya, wadda aka kashe ɗanta Peter a Oktoban 1914, ta sassaƙa zanuka bakwai a kan katako game da yaƙin nan, babu fagen fama a cikinsu, sai iyaye da zawarawa da mata sun rungume 'ya'yansu. Dix ya ga ramukan yaƙi, ita kuma ta ga gidan da saƙon mutuwa ya shigo, kowannensu ya tsaya a inda idonsa ya kai.

Don haka na bar wa masu shaida zaɓi. Wani saurayi ya ce a zana yayansa yadda ya same shi, kada a rufe komai, don an ce ba a kashe kowa ba a ranar. Na zana, da tawada, na kuma hana hannuna gyara kwanciyar gawar don ta yi kyan gani, wanda shi ne abin da horon zane ke sa mutum yi ba tare da ya sani ba. Wata uwa kuma ta ce kada a zana 'yarta a kwance ko kaɗan, a zana ta tsaye a bakin ƙofa kamar yadda ta gan ta da safiyar ranar. Wannan ma abin da ido ya gani ne, tawada ce.

22 ga Yuni

Inda aiki yake: an kammala zaman farko da duk waɗanda suka amince, fiye da rabin zanukan sun koma wurin masu su don dubawa ta ƙarshe. Dattijon bishiya ya sa hannu a nasa. Matar ƙarƙashin gado ta nemi a cire sunan mijinta daga cikin kalmomin fensir a bar amsawarsa kawai, za a yi sabuwar takarda.

Tafintanmu ya nemi hutu, kuma ya dace. Shi ne kowace magana ke bi ta bakinsa sau biyu, yana faɗinta da “ni”. Mun dakatar da sababbin zama har ya dawo, ba za mu kawo baƙon da masu shaida ba su saba da shi ba.

Abin da bai warware ba shi ne wurin ajiya. Takardun asali suna bukatar ma'ajiyar da za ta riƙe su shekaru masu yawa, amma takardar da ke haɗa lambobi da sunayen gaskiya ba za ta zauna wuri ɗaya da su ba, kuma ba mu yarda ta shiga intanet ba. Lauyar tana ganin a ba wata cibiya amana da sharaɗin ba za a buɗe ba sai da izinin mai shaida ko magajinsa. Abokiyar aikina tana ganin a tambayi kowane mai shaida tukuna, ko da hakan zai ja mu wata biyu. Ina tare da ita. Za mu fara tambayar ran 8 ga Yuli, in Allah ya kai mu.